Shuɗin Zare a Cikin Kaki

Kullum da safe sai Tahani ta yi kusan awa guda tana lallashin hannuwanta kafin su yarda su yi mata aiki. Takan tashi ta tarar da yatsun sun kumbura sun sandare, ta tafasa ruwa ta sirka a roba, ta tsoma su ta zauna jira. A lokacin sanyi, idan ruwan sama ya kama Iskandariya kwana uku ba ɗagawa, awa gudan ma ba ta isa. Sai ta ji jirgin ƙasan cikin gari ya wuce ta bayan gidansu, wani ya sake wucewa, ita tana nan a kicin tana kallon tururi tana jin haushin jikinta.

Ta san ciwon tun kafin ya same ta. Shi ya cinye hannuwan mahaifiyarta, ya karkatar da yatsun gefe guda, har tsohuwar ta rasu ba ta iya kai loma bakinta da kanta. Ta kuma san shi ta wata hanyar da mahaifiyar ba ta sani ba, domin shekara ashirin da bakwai ke nan tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje da ke ƙarƙashin wani asibiti, inda ake kawo 'yan gutsattsarin naman da likitoci suka ciro daga jikin mutane. Aikinta shi ne ta binne gutsuren a cikin narkakken kaki, ya daskare ya zama ɗan dunƙule, sannan ta ɗora shi a inji ta yanko shi siriri, siririn da idan ka yi numfashi da ƙarfi sai ya tashi sama. Ta shimfiɗa a gilashi, ta rina, ta miƙa wa likita ya duba a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. A nan ta sha ganin yadda 'yar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, wadda a jikin mai lafiya ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, take kumbura ta yi tsiro, sojojin jiki su yi mata dafifi su kafa sansani, daga nan su shiga cin guringuntsi da ƙashin mai su. Sojojin da aka ajiye don tsaron gida su ne ke rushe shi, kuma ba wanda ya iya gaya mata dalili.

Hannun Tahani a yanka ba shi da na biyu a garin, kowa ya sani, ita ma ta sani, ba ta kuma yin kawaicin ƙarya a kai. Yanzu kuwa reza na zame mata. Abu biyu take tsoro a duniya: ranar da za a ce mata ta tashi daga kan injin, da ranar da za ta ga ciwon nan a hannun 'yarta. Yusra ita kaɗai gare ta. Ta auri Hamdi bara a can ƙarshen gari, sana'arta ɗinka duwatsun ado a rigunan amare, aikin da duk na kan yatsa ne. Duk Juma'a takan zo gida ta naɗe wa uwar ganyen inabi da shinkafa, tun da uwar ta daina iyawa.

Likitar da ke duba Tahani ita ce kuma shugabarta a wurin aiki, Doktora Shahira. Shekara goma sha biyar da suka wuce Shahira ta sauko ɗakin ƙasan tana ɗaliba, siririya, warin maganin adana nama ya sa ta amai a ranar farko, a rana ta biyu ta fasa gilashi tara. Tahani ce ta share, ta ɓoye wa manya, ta kama hannun yarinyar ta koya mata riƙon reza. Ta ciyar da ita daga kwanonta shekara uku. Ranar aurenta Tahani ce ta kwana biyu tana gasa cincin ɗin biki. Har yau, da farar riga da ofis da sunanta a ƙofa, Shahira ba ta kiran ta da komai sai Abla, yadda ake kiran babbar ya ko malama, kuma idan ta faɗa sai Tahani ta ji zuciyarta ta yi sanyi.

Shahira tana da wani bincike da ta sa ranta a kai. Ta yi imani cewa ciwon gaɓoɓin nan yana daɗewa yana shiri a ɓoye, a cikin kaluluwa, shekaru kafin yatsa ɗaya ya yi ciwo. Don ta nuna haka tana buƙatar naman marasa lafiya, wannan ba wuya, suna nan cike da layi. Tana kuma buƙatar naman lafiyayyu don a gwada, a nan matsalar take, domin mai lafiya ba ya kawo kansa a soka masa allura a matsematsi don kawai likita na son sani. A irin wannan hali, al'adar ɗakin gwaje-gwaje ita ce ma'aikata su ba da nasu. Tahani ce ta fara hawa gadon da ake cirar naman, shekara biyar da suka wuce, tana tsokanar Shahira wai ta yi a hankali, naman tsohuwa tauri gare shi. Bayan shekara biyu ta sake bayarwa. Da aka rasa matasa lafiyayyu, ita ta je ta lallabo Yusra, wadda ke tsoron allura kamar me, ta ce mata Doktora ai 'yar gida ce, ba za ta bari ta ji zafi ba.

Akwai wata al'ada kuma da likitoci ba su sani ba, don su gilashi suke dubawa, ba su da lokacin juya dunƙulen kaki. Tahani ta gaje ta daga wanda ya koya mata aiki, marigayi Amm Girgis. Idan naman da za a binne na ma'aikaci ne ko na ɗan uwansa, sai a sa ɗan guntun shuɗin zare a kusurwar kakin kafin ya daskare, don kada mugun ido ya kama mai shi, sakamako ya fito da tsabta. Tsohon yakan ce shi bai ce zaren na magani ba, amma bai taɓa jin ya kashe kowa ba. Tahani ta sa wa nata zare duk lokacin da ta bayar. A na Yusra har ƙulli ta yi wa zaren, ta yi bisimilla ta tofa, ta rubuta lamba da hannunta, aka kai kabad ɗin Doktora a jera cikin lafiyayyu.

Shekara biyu da suka wuce, a watan Maris, yatsunta suka fara ciwo da safe. Ba ta yi wasa ba, ta hau bene ta miƙa wa Shahira hannuwan. Shahira ta daddanna gaɓoɓin, ta ɗebi jini, bayan kwana uku ta sauko da dariyarta.

"Abla, kin tsorata ni a banza. Jininki fes. Shekara ashirin da biyar kina juya inji a ɗakin da ko kifi sai ya yi mura, me kike so yatsun su yi, su yi miki guɗa?"

Ta ba ta wani man shafawa irin na matsawa, mai kwali ruwan ɗorawa, ta ce ta riƙa sa safar hannu. Tahani ta koma gida ta yi sadakar burodi don murna. Wata goma sha huɗu tana shafa man nan, tana komawa duk wata uku ana daddannawa ana ce mata sanyi ne. Sai da gwiwarta ta kumbura ta cika da ruwa, Shahira ta sa allura ta ciro ɗan nama daga cikin gaɓar, sannan ta zaunar da ita ta ce ciwon ne. Aka fara magani a makon. Amma hoton ƙashi ya nuna ciwon ya riga ya ci wuyan hannun dama da yatsu biyu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shahira ta yi kuka a ranar, kuka sosai, har Tahani ce ta koma tana rarrashinta, tana cewa likita ba Allah ba ne, kowa na iya kuskure.

Ranar Larabar da abin ya fito, Shahira tana Alƙahira wurin taron likitoci. Tun asuba ake ruwa. Wajen hantsi magudanar titi ta toshe, ruwa ya fara kwarara ta tagogin ɗakin ƙasa, kafin a ce haka ya kai idon sawu. Aka shiga kwashe kaya zuwa sama, kowa da abin da ya iya ɗauka. Kabad ɗin ƙarfe na Doktora, wanda kullum a kulle yake, mai kula da gini ya sa guduma ya ɓalle kwaɗon, aka zare durowoyin ana miƙa wa mutane. Umm Sabir mai shara, wata dattijuwa mai baki, ta ce wa Tahani ta koma gefe da waɗannan hannuwa nata kada ta ƙara musu aiki. Tahani ta ji haushi, ta fizgi durowa guda ta nufi matattakala don ta nuna mata. A hawa na shida yatsun suka saki. Durowar ta kife, dunƙulayen kaki suka watse ko'ina.

Ta durƙusa tana tattarawa, kunya ta rufe ta. Ta ɗauki ɗaya ta juya don ta ga ko ya tsage, sai ta ga shuɗin zare a kusurwa. Ta ce a ranta ashe durowar lafiyayyu ta ɗauko. Amma lambar da ke jiki ba rubutunta ba ne, wata sabuwar takarda ce aka liƙa. Ta sa farce ta ɗaga gefen takardar, ga tata lambar a ƙasa, da irin bakwai ɗin da ita kaɗai ke yi wa ƙafa. Ta juyo gaban durowar ta karanta abin da aka rubuta da hannun Shahira, hannun da ita ta san shi tun yana rawa: waɗanda ciwon ya kama amma bai bayyana ba tukuna.

Ta sami na biyu mai zare, ta sami na uku, na gwiwa. Duk lambarsu ɗaya. A ƙasan durowar akwai katuna, kowace lamba da nata. Ta zaro na lambar, ta matsa kusa da taga. Layin farko yana ɗauke da kwanan wata na shekara biyar da suka wuce, mako uku bayan ta fara hawa gadon: kaluluwa ta canza, jini ya nuna alama, an mayar da ita wannan rukuni. Can ƙasa, a watan Maris ɗin nan da ta yi sadakar burodi, an rubuta cewa ciwo ya fara a yatsu, babu magani tukuna. Bayan wata uku, yatsu huɗu da wuyan hannu, babu magani tukuna. Ta ƙirga kalmomin nan uku sau biyar, layi bayan layi, da biro iri ɗaya, rubutu mai kyau ba gaggawa.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan matattakalar, ruwa na ɗiga daga siket ɗinta, mutane na tsallake ta da kaya. Abin da ya fi yi mata ciwo ba katin ba ne, ranar kukan Shahira ce. Ta tuna yadda ta jawo kan Shahira ta ɗora a kafaɗarta, da wannan hannun da ya lalace take shafa mata baya. Ta ji kamar a gaban jama'a aka tuɓe ta.

Umm Sabir ta hauro tana haki, ta miƙo mata wani dunƙule da ta tsinto a cikin ruwa.

"Ungo, mai ƙarfi. Saura kaɗan wannan ya tafi teku. Har da ƙulli a zarensa, na wane ne haka ake ji da shi?"

Tahani ta karɓa. Shi ma an liƙa masa sabuwar lamba, kuma daga durowar nan ya faɗo. Ta nemi katinsa har ta gaji ba ta gani ba, ko ruwa ya tafi da shi, ko yana wani wuri. Ta zuba dunƙulayen huɗu da katinta a aljihun farar rigarta. Da yamma ta ɗauki waya sau uku za ta kira Yusra tana ajiyewa. Me za ta ce mata? Ta ga gara ta fara ji daga bakin mai rubutun.

Shahira ta dawo a jirgin ƙasan safe ranar Alhamis, da jin labarin ruwan. Tahani ta same ta a ofis tana jera katunan da suka jiƙe a kan tebur. Ta shiga ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rufe ƙofa, ta jera dunƙulayen huɗu a gabanta, ta ɗora katin a sama. Shahira ta dube su, ta dube ta, fuskarta ta yi fari. Abu na farko da ya fito daga bakinta shi ne tambayar yadda aka yi ta gane su, alhali an canza lamba. Tahani ta nuna mata zaren da ɗan yatsanta karkatacce. Shekara goma sha biyar a ɗakin, Doktora ba ta taɓa lura da shi ba.

Daga nan Shahira ta shiga bayani, kuma ta iya bayani, shi ya sa ake gayyatar ta taro. Ta ce a shekarun farko ba abin da za a yi, ba a ba mutum magani mai ƙarfi don alama kawai, wasu har su tsufa ciwon bai fito ba. Ta ce da ta faɗa mata, da ta sa ta cikin fargaba shekara uku a banza, ita da ta ga abin da ya sami mahaifiyarta. Tahani ta saurara har ƙarshe. Wannan ta iya haɗiye shi, ko da yake da ɗaci. Sai ta ɗora yatsa a kan layin watan Maris.

"Wannan fa?"

Shahira ta dubi layin. Ta ɗauki biro ta ajiye. Da ta buɗe baki muryarta ta yi ƙasa, kamar mai faɗin sirrin da take sa ran za a taya ta murna a kai.

"Abla, ba wanda ya taɓa samun irin jerin nan. Mutum ɗaya, kafin ciwo, a bakin ciwo, da ranar da ya shiga gaɓa, ba tare da magani ya taɓa naman ba. Da na ba ki magani a Maris, da komai ya goge. Na ɗauka wata uku ne, ko huɗu, babbar gaɓa za ta kumbura in samu abin ciro. Wallahi ban zaci zai kai haka ba."

"Kina daddanna yatsun nan duk wata uku."

"Na sani."

"Kina ganin suna tafiya."

"Na sani, Abla. Amma abin da aka gani a namanki zai ceci dubban mata. Jiya da na nuna hotunan, ɗakin ya yi tsit. Wani farfesa ya tambaye ni wa ya yi mini yankan nan, ya ce bai taɓa ganin mai tsabta irinsa ba."

Abin kunya, Tahani ta ji wani ɗan daɗi ya ratsa ta da jin haka, na ƙiftawar ido, sai ta tsani kanta a kai. Ita ta yanka naman, ita ta rina, ita ta miƙa da hannu biyu. Ta ce wa Shahira da ta tambaye ta, ta zaunar da ita ta ce Abla ga abin da nake so, ki jure mini wata uku, wataƙila da ta yarda, don ta san halinta, ba ta taɓa iya ce mata a'a ba. Amma ba a tambaye ta ba. An ba ta man shafawa an ce sanyi ne, kamar yadda ake yi wa tsohuwar da ba ta san komai ba.

Sannan ta tura dunƙule mai ƙulli gaba, ta ce ta gaya mata gaskiya a kan wannan, ko sau ɗaya a rayuwarta.

Shahira ta dafa ƙirji, idanunta suka ciko.

"Yusra lafiyarta ƙalau. Alama ce kawai a jini da kaluluwa, ba abin da ya fito. Na rantse miki da rayuwar 'ya'yana, ranar da yarinyar nan ta ce ko farcenta na ciwo, ke zan fara kira. Kin ɗauka zan sake? Bayan abin da na gani a hannunki?"

Tahani ta daɗe tana kallon ta. Tana so ta yarda, don in ba ta yarda ba, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta tattara dunƙulayen tana mayarwa aljihu ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, yatsun na ƙin kamawa. Shahira ta miƙe ta ce kayan asibiti ne, ba a fita da su, aikin shekara biyar ne, ta yi wa Allah ta bar su. Tahani ta tambaye ta daga jikin wa aka yanko kayan asibitin. Ba ta jira amsa ba ta fita. A bayanta ta ji an ce "Abla," a hankali, kuma a karon farko kalmar ba ta yi mata komai ba.

Juma'a ruwan ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Yusra ta iso bayan an sauko daga masallaci, da ledar ganyen inabi da surutunta, tana ba da labarin wata amarya da ta sa aka kwance duwatsu dubu uku don uwar miji ta ce sun yi kama da na makwabciya. Ta zauna a teburin kicin ta baje ganye, ta jawo kwanon shinkafa. Tahani ta zauna a gabanta da shayi. Ta shirya maganar tun jiya, ta tsara ta yadda ba za ta firgita yarinyar ba: akwai alama a jini, ba ciwo ba ne, za su je wurin wani likita a riƙa dubawa. Tana jiran Yusra ta ja numfashi ta samu wurin shiga.

Sai idonta ya sauka a kan tire. Yusra tun tana 'yar shekara goma take naɗe ganyen nan siriri kamar fensir, har kakarta na yi mata kirari. Na yau kuwa gajeru ne masu kauri, wasu bakinsu a buɗe. Tahani ta ce a ranta surutu ne ya ɗauke mata hankali. Ta ɗaga ido, sai ta ga zoben auren yana lilo a jikin sarƙar wuya.

"Zoben fa? Kun yi faɗa da Hamdi ne?"

Yusra ta yi dariya ta ce ina, ƙiba ce ta fara mata ta yatsa, aure ya karɓe ta. Ta goge hannu a tsumma, ta jawo jakarta tana neman hoton rigar amaryar ta nuna wa uwar. Ta fito da makullai, ta fito da almakashi, ta fito da wani abu ta ajiye a gefen tire ba tare da ta kula ba. Man shafawa ne irin na matsawa, mai kwali ruwan ɗorawa, an matse shi ya kusa rabi.

Tahani ta ajiye kofin shayin a hankali don kada ya zube.

"Wa ya ba ki wannan?"

Yusra ta kalli man, ta kalli uwar, ta ɗan ciji leɓe irin na wadda aka kama.

"Kai, Mama, ba komai ba ne fa. Yatsuna ne suke ɗan riƙewa da safe. Na je wurin Doktora, ta duba, ta ɗebi jini, ta ce fes yake. Wai allurar ɗinki ce da sanyin shago. Ita ta ce kada in gaya miki, kina fama da naki, kada in ɗaga miki hankali a banza. Ta ce in dai gwiwa ko wuyan hannu ya kumbura in zo da sauri ta gani, kafin in sha komai."

Tahani ta miƙa hannuwanta a kan tebur, ta kamo na 'yarta. Ta sha ganin yadda ake yi, an yi mata sau biyar. Ta sa babban yatsa ta danna gaɓar farko, Yusra na murmushi. Ta danna ta biyu. A ta uku yarinyar ta ja iska ta haƙora ta nemi janye hannun.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Ko da ɗan kwanaki."

Huɗu. Tahani ta riƙe lambar a ranta kamar mai riƙe kwano cike da ruwa. Huɗu ba goma sha huɗu ba ne, ƙashi bai isa ya ciwu ba tukuna, in an yi sauri. Ta san wani tsohon likitan gaɓoɓi da ya yi ritaya yana duba mutane a gidansa, Juma'a ko ba Juma'a ba zai buɗe mata ƙofa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da dunƙule mai ƙulli ta ajiye kusa da man, ta gaya wa 'yarta komai, daga ranar da ta fara hawa gadon har rantsuwar jiya. Ba ta rage ba, ba ta sassauta ba. Ta ce ta wanke hannu ta ɗauko mayafinta, ganyen ya jira.

Yusra ba ta motsa ba. Ta ɗauki ɗan dunƙulen tana juya shi, ta ga zaren, ta ga ƙullin. Ta dubi hannuwan uwarta da suka karkace a kan tebur, ta dubi nata, ta daɗe tana duban nata. Da ta yi magana ba faɗa a muryar, ko kaɗan, kuma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Amma Mama, ke kika kai ni. Ke kika ce 'yar gida ce."

"Ni na ce," in ji Tahani.

Ta sunkuya za ta ɗaure igiyar takalminta, yatsun suka ƙi. Yusra ta durƙusa a gabanta ta karɓi igiyar, ita ma sai da ta gwada sau biyu kafin ƙullin ya kama.